Rigar Jariri Daga Tsallaken Gada

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labari, don duk wanda na ba shi da baki dariya yake yi, alhali Auta ta sha kuka a kansa.

A makon da aka sake buɗe gadar kan iyaka ta fara ganin wani saurayi mai tallar yadi. Ƙasashen biyu sun shirya bayan doguwar gaba, kasuwa ta cika da baƙin fuskoki. Tana kan keken ɗinki ya tsaya a ƙofar shagonta da bandir ɗin yadi a kafaɗa.

"Sannu da aiki, tela. A duba kayan tsallake."

Ta ɗago kai, ɗinkinta ya karkace.

"Ba na saye."

"Ban ce ki saya ba. Taɓawa kyauta ce."

Tun daga ranar, duk cin kasuwa sai ya biyo. Ya sa mata suna Gwanata, ita kuma ta kasa kiransa da komai sai Mai Yadi saboda kunya.

Baba, mahaifinta, bai so zancen aurensu ba. Kayansa sun taɓa ruɓewa a bakin gadar nan lokacin da aka rufe ta.

"Yau sun buɗe, gobe su rufe," ya ce. "Ki tashi ki ga ba ki da hanyar ganin uwarki? Ga mai kantin magani nan yana sonki, ƙofa da ƙofa."

Da ta gaya wa Mai Yadi, sai ga saƙonsa: "Kwantar da hankali, Gwanata. Turo min awon Baba. Telanmu ya iya aikin wuya, zan zo gaishe shi da riga."

Ta auna tsohuwar rigar Baba a kan igiyar shanya, ta tura masa.

Ran da ya zo, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ajiye ƙunshin yadda tela ya naɗe masa, ya tashi da sauri kada a kulle gada. Baba ya kwance a gaban Umma da ƙanwarsa Goggo. Sai ga 'yar riga da ɗan wando da hula, daidai jariri.

Goggo ta ɗaga rigar da yatsu biyu.

"Yaya, wannan ai saƙo ne."

Ta ja Auta ɗaki, Umma ta biyo su ta turo ƙofa.

"Dube ni nan. Wata nawa?"

"Watan me, Goggo?"

Sai da Auta ta ga hawayen Umma ta gane abin da ake nufi. Ta rantse har muryarta ta dishe. Daga tsakar gida Baba ya ce kada yaron nan ya ƙara tako masa gida.

Ta kira Mai Yadi, layi bai shiga ba. Ta rubuta: "Me na yi maka? Rigar wa ka kawo mana?"

Amsa ta iso a makare: "Ta Baba mana, Gwanata. Ta yi masa yawa ne?"

Nan kanta ya ƙara kullewa. Ba'a yake mata? Ko wata yake da ita a can, ƙunshi ya sauya hannu?

Washegari a shago ta zauna da 'yar rigar a cinya, ta ɗora mata tef don kawai hannunta ya saba. Tef ɗin ya murɗe, bayansa ya fito. Tsawon da ta tura ne daidai. Ta gwada hannu, shi ma haka.

Ko shagon ba ta rufe ba ta nufi gida.

"Baba, duba. Mu da inci muke awo, su da santimita. Awonka ne, ta bayan tef aka karanta."

Yana cikin jujjuya tef ɗin aka yi sallama. Mai Yadi ne, ya taso tsohon telan a gaba.

"A gafarce ni," in ji telan. "Na ɗauka haihuwa aka yi a gidan. Hular ma ni na ƙara kyauta."

Baba ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ya dubi Mai Yadi.

"In aka sake rufe gadar fa?"

"Na kama shago a ɓangarenku, Baba. In an rufe, da ni za a rufe a nan."

Baba ya naɗe tef ɗin, ya miƙa wa Auta.

"Turo manyanka. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ƙasashen nan lafiya."

"Ni dama ban yarda ciki ne da ita ba," in ji Goggo, tana gyara ɗankwali.

Washegari da safe Auta ta tsayar da Baba a tsakar gida ta auna shi don rigar ɗaurin aure, gaba da bayan tef. Ta ƙi turawa ta waya. Ita da Umma suka haye gada da ƙafa, suka kai wa telan hannu da hannu.