Ƙuri'ar da Ta Faɗa Gidan Malam Dominic

Malam Dominic Sati malamin firamare ne a Samaru. Yana zaune a gidan haya da matarsa Martina, da 'yarsu Hephzibah 'yar aji biyar, da ƙanensa Henry mai gyaran waya a bakin titi. Abinci bai yanke musu ba, mutunci kuma suna da shi, domin rabin matasan unguwar a hannunsa suka koyi karatu. Gidan kansu ne ba su da shi, da mota. Shi kuwa Malam Dominic, haƙuri ne ya yi masa ƙaranci.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, sai ya tsaya takarar kansila. Abokan aikinsa da 'yan cocinsu suka haɗa masa ɗan abin kamfe. Martina ta zaunar da shi ta ce mutanen mazaɓar ba ƙin sa suke yi ba, zaɓen ne suka daina fita, don sun gaji da shan rana a banza. Ta ce ya ɗauki hayar keke napep ya kai tsofaffi su karɓi katinsu na zaɓe, ya kafa rumfa da benci a wurin zaɓe saboda masu ciki da masu goyo, sannan ya bi gida gida da ƙafarsa. Ya ce wannan aikin shekara ne, alhali abokin hamayyarsa yana can yana raba taliya da atamfa a mota.

Felix, mai buga masa fosta a Sabon Gari, shi ne ya rage murya wata rana ya ce fosta ba ta fid da kowa daga ɗaki, amma akwai wani dattijo da ke fid da su.

Da tsakar rana suka je. Tsohon siton auduga ne bayan layin dogo, kwanon rufinsa ya yi tsatsa. Felix ya tsaya a waje, ya ce shi iyakarsa ƙofa. Ciki akwai sanyi kamar bakin rijiya, ga ƙarni da ƙamshin turare sun cakuɗe. An lulluɓe bangon da fostocin 'yan takara na shekarun baya, launinsu bai koɗe ba, amma wurin idanun kowa fari ne fat. A tsakiyar ɗakin akwai baƙar ƙwarya a rufe, da tsaga a murfinta. Wani ɗan tsoho cikin farar riga mai tsabta yana zaune bayanta. Ba shi da babban yatsa a hannun dama.

"Me kake nema, Malam?"

"Jama'a, Baba. Ina so su fito ranar zaɓe. Da abin da zan riƙe su da shi."

"Abin riƙewar mai araha ne. Jama'ar ce da tsada."

Malam Dominic ya kai hannu aljihu, tsohon ya girgiza kai.

"Tambaya ɗaya ce. Ka yarda ƙuri'a ta faɗa a gidanka?"

"Ai abin da ya kawo ni ke nan," in ji Malam Dominic yana dariya.

"Ba a biyana da dariya. Faɗi da bakinka."

"Na yarda ƙuri'a ta faɗa a gidana."

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Malam Dominic masanin Hausa ne. Ya san cewa tun kafin a zo da akwatin zaɓe akwai ƙuri'a, ita ce wadda ake jefawa don a fid da wanda za a ɗauka daga cikin mutane. Amma watanni ke nan yana kwana yana tashi da kalmar a ma'ana ɗaya, har kunnensa ya daina jin ɗayar. Tsohon ya shafa masa wani baƙin ruwa a babban yatsa, ya dangwala a ƙyalle, aka tura ƙyallen ta tsagar. Wani abu a cikin ƙwaryar ya karɓa.

Kafin mako ya zagayo, masu kwangila da bai taɓa gani ba suka fara sallama da jakunkunan kuɗi. Ya cika Samaru da fosta, ya yi hayar makaɗa da 'yan tafi, ya raba atamfa har ta rasa mai karɓa. Rumfa da benci kuwa bai ko tuna da su ba.

Ranar zaɓe layi ya miƙe daga makaranta har titi. Ya bi layin yana ɗaga hannu, sai murnarsa ta fara sanyi. Bai ga tsohon ɗalibinsa ko ɗaya ba. Bai ga maƙwabci ba. Layi ne na ɗaruruwan mutane, amma babu hira, babu rigimar waye a gaba, babu mai gumi. Ya gaishe su, ba wanda ya amsa. Mutanen unguwa suna gidajensu kamar kullum. Ya ci zaɓe da rinjayen da ba a taɓa gani ba.

Suka koma gidan bene a Hanwa. Mota ta zo, wata ta biyo ta. Kowa yana kiransa Onarabul.

Henry ne ya fara nuna masa babban yatsansa wata safiya yana wasa, ya ce tawadar zaɓe ta ƙi fita, ga shi ma har yaɗuwa take yi. Ranar Lahadi a coci, ana tsakiyar waƙa, Henry ya zauna bai sake tashi ba. Likita bai gano dalili ba. Da ake shirya gawar, Malam Dominic ya ga yatsan ya yi baƙi ƙirin, sai tambayar tsohon ta dawo masa da ɗayar ma'anarta.

Ya koma siton, ya ce zai mayar da gida da motoci, zai ajiye kujerar. Tsohon ya ce masa waɗanda suka fito sun riga sun fito, ba a mayar da su, kuma har yanzu suna kan layi suna jiran a sallame su.

Daga nan duk ƙofar da ya taɓa sai ya same ta a kulle. Ya rubuta takardar murabus, aka ƙi karɓa, aka ƙara masa muƙami. Ya kyautar da kuɗi da safe, ninkinsa ya shigo da yamma. Ya je gaban fasto ya buɗe baki, harshensa ya yi nauyi, sai gaisuwa kawai ta fito. Sannan baƙin tabon ya bayyana a yatsan Martina. Ita ba ta mutu ba. Kullum da safe takan ci ado ta tsaya a ƙofar gida da katinta a hannu, idan an ce ta shigo sai ta ce, "Ku bari, Baban Hephzibah, an kusa zuwa kaina." Ba ta ƙara faɗin wata magana ba bayan wannan.

Saura Hephzibah. Ya kai ta wurin ƙanwar mahaifiyarta a Unguwar Gabas, yana cewa a ransa yanzu ba ta gidansa. Ya manta cewa gida ba bulo ba ne. Da ya je duba ta, ta tare shi da gudu ta ce, "Baba, duba, biro ya ɓata mini hannu, na wanke ya ƙi fita."

Ya riƙe hannun ya daɗe yana kallo. Daga can ya wuce siton kai tsaye.

"Ita ko shekarun zaɓe ba ta kai ba, Baba."

"Ƙwarya ba ta tambayar shekaru."

"To ni fa? Ni ba ɗan gidan ba ne?"

Tsohon ya dube shi a karon farko. "Ɗan takara ma yana da tasa ƙuri'ar guda ɗaya. Ba su cika tambaya ba ne."

Malam Dominic ya koma Unguwar Gabas kafin la'asar. Ya zaunar da 'yarsa a kan tabarma, ya gaya mata komai a tsare, yadda yake koyar da darasi, bai ɓoye laifinsa ba, kuma wannan karon harshensa bai yi nauyi ba. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan nata ya danna. Da ya ɗaga, nata ya fita tas. Ya jingina da bango kamar mai hutawa, daga nan bai ƙara motsi ba.

Cikin ɗan lokaci masu kwangila suka ɗauke ƙafa, motoci suka watse, gidan Hanwa ya tsage daga tushe har ba mai iya kwana a ciki. Martina tana hannun 'yan uwanta, har yau tana tsayuwar safe.

Duk mai neman kujera ya ji wannan da kyau. Wanda ya yi gaggawar tara jama'a ta hanyar duhu, za a tara masa, amma daga cikin ɗakinsa za a cire ladan, kuma ba shi zai zaɓi wanda za a fara da shi ba.

Hephzibah ba ta fahimci siyasa ba a lokacin. Abin da ta gane shi ne babanta ya amsa tambayar da bai tsaya ya saurara ba, kuma saboda haka ba zai zo ɗaukarta ba.