Shagon Takalmin da Titi Ya Cinye

Ranar Asabar, kamar yadda ya saba, Thaddeus ya tsayar da masu bin sa a kan gadar da ta haye babban titin. Aikinsa kenan, zagayawa da mutane a ƙafa yana ba su tarihin unguwar Jackson Ward. Sai da ya ɗaga murya saboda ƙugin motoci.

"Wannan ramin da motoci ke gudu a ciki, gidajen baƙaƙen fata ne a da. Aka rushe su aka shimfiɗa kwalta. A can kwanar akwai shagon aski."

"Gyaran takalmi dai," in ji wata murya daga baya.

Ya waiga. Doguwar budurwa ce cikin rigar ma'aikatan jinya.

"Takardun da na karanta aski suka ce."

"To takardunka ba su taɓa kai takalmi can ba. Shagon mahaifin kakata ne."

Kowa ya yi dariya, ban da shi. Ya manta abin da zai faɗa a gaba.

Sunanta Corinne. Kafin a watse ya karɓi lambarta, wai don gyaran tarihi. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Malama Mai Gyara, na duba, ke ce da gaskiya. Akwai sauran kurakurai a rayuwata, ko za ki duba su ranar Juma'a a kan soyayyen kifi?"

Ta amsa: "Sarkin Surutu, Juma'a ɗaya ba za ta isa ba."

Haka kuwa aka yi. Wata shida suna tare kafin ta kai shi gida.

Kaka Verlene ce ta raini Corinne, kuma shekarar Kakar tara lokacin da aka tashe su daga unguwar. Ta zuba masa abinci, amma ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Da ya tafi ta ce, "Wannan ne mai nuna wa baƙi hawayenmu suna ɗaukar hoto? Ga Lucius likitan haƙori yana ta bin ki a coci."

"Kaka, Lucius ko dariya sai ya duba agogo."

"Shi dai ba ya tallar matattu."

Abin ya dami Corinne. Don Thaddeus ya fahimci tsohuwar, sai ta gaya masa abin da ba a faɗa a gidansu: bayan an rushe shagon, mahaifin Kaka bai sake aiki ba. Kullum da safe yakan ɗauki akwatin kayan aikinsa ya zauna a bakin sabon titin, har ya rasu.

Labarin ya tsaya wa Thaddeus a rai. Wata Asabar, a kan gadar, ya ga mutanen sun fi kula da wayoyinsu, sai ya ba da shi. Bai ambaci suna ba. Amma cikin masu sauraro akwai wata 'yar cocinsu Kaka, kafin Lahadi maganar ta isa gida.

Saƙon Corinne gajere ne: "Amana na ba ka, ba kayan aiki ba. Kada ka kira ni."

Bai kira ba. Mako uku yana zuwa gadar da masu bin sa, ya wuce ba tare da ya ba da labarin ba. A na huɗu ya ƙwanƙwasa ƙofar Kaka Verlene, a lokacin da ya san Corinne na wurin aiki a asibiti.

"Mama, ban zo roƙon auren jikarki ba. Na ɗauki abin da ba nawa ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tura masa kwanon wake. "Zauna ka ɓare. Ka san sunansa?"

"A'a, Mama."

"Ezell. Ka san a duk layinmu babu wanda ya kai shi rawa? Ka san yaran da iyayensu ba su da hali, shi ke ɗinke musu takalmi kafin a koma makaranta? Shekara arba'in yana tsaye da ƙafafunsa. Kai ka zaɓi shekara uku da ya faɗi ka nuna wa duniya."

Thaddeus ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin waken.

"Kada ka sa mini gishiri a abinci," in ji ta. "Ɗauko biro. In za ka faɗa, ka faɗa duka."

Da Corinne ta dawo, ta tarar da kakarta tsaye a tsakiyar kicin tana gwada yadda Ezell ke juyi, tana wata irin dariya da Corinne ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ban huce ba fa," ta ce wa Thaddeus.

"Na sani, masoyiyata. Zan jira."

Bai jira da yawa ba. A watan Oktoba aka ɗaura aure a cocinsu. Kaka Verlene da kanta ta ajiye tsintsiya a gabansu, wadda a al'adarsu ango da amarya ke tsallakewa don shiga sabuwar rayuwa, ta dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku gidan da babu mai tashin ku daga cikinsa," ta ce. "To me kuke jira? Ku tsallake, gwiwoyina sun gaji."

Suka riƙe hannu, suka tsallake tare.