Yau Layin Ya Shiga

Muntaka yana lallaɓa modem ɗinsa, na'urar shiga intanet ta layin waya, fiye da yadda yake lallaɓa uwarsa. Intanet tafiyar hawainiya take yi, don haka ya cire wayar gidansa na unguwar Bani Malik, ya bar wa modem layin dare da rana. Mahaifiyarsa Inno tana kwance ba lafiya a unguwar Karantina, kwana uku tana kira layi a riƙe, har ta cika.

Daren sadakar uku hadari ya haɗo. Muntaka ya baro zaman makoki da gudu, kada tsawa ta biyo layi ta ƙone masa modem. Ya zare igiyar layin, ya zare ta wuta, ya ce, "Halas, shi ke nan."

Sai modem ya kama kukan nan nasa, ga igiyoyin a hannun Muntaka. Ɗakin ya gauraye da ƙanshin kafur. Kukan ya lafa, ya koma numfashin tsohuwa.

"Ɗan nan, yau layin ya shiga?"

Muntaka ya yunƙura zai tashi daga kujerarsa.

"Yi zamanka, ci gaba da aikinka. Na zo da kaina."

Wannan karon ba daga modem muryar ta fito ba. Daga bayan kujerarsa ta fito.