Ɗan Gilashin Aljihun Alkasum

"Alkasum, ni zan rantse? Ni?"

Husaina ta miƙe tsaye a tsakar gidansu Alkasum da ke Birni. Saura kwana tara ɗaurin aurensu, amma mahaifiyarsa Hajiya Indo ta ce an fasa.

A kan me? Ɗan gilashin da bai kai farce ba, wanda Larai, 'yar ƙanwar Hajiya, ta zaro daga aljihunsa. Larai kuwa tun tana lakwal, 'yar makaranta, take mutuwar sonsa, kowa ya sani.

"Asiri ne, Inna!" in ji Larai. "Da kunnena na ji tana gaya masa ta tsare wani abu, ta haɗa shi da wani, sun zama ɗaya!"

"Aikina ne, jahila!" Husaina ta daka mata tsawa. "Ƙwayar zarra muke tsarewa da lantarki a labo, ɗakin gwajinmu. Cikin gilashin nan akwai 'yar fata mai kaɗawa kamar ta ganga, ta fi gashi siriri. Mu haɗa fatar da zarrar, in ka auna ɗaya ka san halin ɗayar. Shekara biyu na yi a Turai kafin wannan ya yi aiki, na ba shi don ƙauna!"

Hajiya ta taɓe baki. "To ai ga shi kin faɗa da bakinki."

Kai, takaici! Husaina ta juya ga Alkasum. Shi da ta kwashe watanni tana yi wa bayani a waya, yana cewa "ƙara min, hasken idona."

Ya sunkuyar da kai.

"Masoyiyata... ki rantse kawai. Ni ma... hankalina zai fi kwanciya."

Ni ma.

Ta yi alwala, ta dafa Alƙur'ani, ta rantse ba gargada.

Hajiya ta saki fuska. "Shi ke nan 'yata, biki na nan."

Husaina ta karɓe gilashinta daga hannun Larai, hawaye na zuba, zuciya na tafasa.

"Ka tuna abin da na gaya maka? Haɗin nan, hayaniya kaɗan daga waje ke kashe shi. Shekara biyu na kare nawa. Kai ko wuni ɗaya ka kasa."

"Husaina, don Allah..."

"Hajiya, na wanke sunana. Ɗanki kuwa ki riƙe abinki."

Ta sa takalmanta ta fice.