Dubul-pa da Hannun Hagu

Ranar da Suma'ila ya fara ganin Lubabatu, zaune yake a bakin filin basket, wato ƙwallon kwando, kamar buhun hatsi. Tun da moto, babur ɗin nan, ya kayar da shi a hanyar Takieta hannunsa na dama ya mutu, ko allura aka soka ba ya ji. Zuciyar ma ta bi hannun. Ba ya baƙin ciki, ba ya murna, kallo kawai yake.

Ta taho a guje, ta wuce ta ƙarƙashin panye, zoben da ragar ke rataye, ta murza ƙwallon da hagu a jikin allo ta bayan kanta, ya faɗa raga.

"Kai ne Suma'ilan da ake faɗi a wasan nan? Tashi mana."

"Hannun ya tafi."

"Guda nawa Allah ya ba ka?"

Haka ta sa shi gaba. Dubul-pa ta baya take koya masa: taku biyu, a tashi da ƙafar dama, a wuce zoben, sannan wuyan hannu ya juya. Ya zubar ya fi a ƙirga. Kullum da yamma sai saƙonta ya shigo salularsa: "Bahagona, ba ƙarfi ake sawa ba, lallaɓa allon ake yi." Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "To, Luba."

Da soyayya ta yi nisa ya je unguwar Birni gaida mahaifinta, Malam Abdulmumin baduku, ya durƙusa ya miƙa hagu. Kash! Tsohon ya dubi hannun, ya mayar da nasa cikin riga.

"Mai ba ni hagu ba zai ɗauki 'yata ba. Ga Abdul'aziz ɗan ƙanena nan."

Suma'ila ya tashi ya fita. Ya koma fili ya ci gaba da jifa, don bai san abin da zai yi ba kuma.

Ran Laraba Malam ya zo fili da kansa don ya kora Lubabatu gida. Ya tarar da yaron ya tashi sama, ya murza, ƙwallo ya shiga, shi kuma ya faɗi a kan siminti. Ya miƙe ya sake ɗaukar ƙwallon, jini na ɗiga daga hannun daman da ke reto.

"Kai yaro, jini kake!"

Suma'ila ya duba. "Ban ji ba, Baba."

Malam ya kama hannun ya matsa da ƙarfi. Ko gezau.

"Subhanallahi. Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya."

Tsohon ya ɗaure ciwon da hankicinsa, ya daɗe bai saki ba. "Ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura auren, aka shafa fatiha, jama'a na ta Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Saƙonta ya shigo: "Angona, yaya kake ji?"

Ya jima yana kallon salular. Sannan ya rubuta: "Tsoro nake ji, Luba, da daɗi. Wallahi ina ji."