Hannun Dama a Ƙofar Coci

"Da hagu za ka aure ni, Gozwin? Da hagu!"

Richlind ta yi jifa da igiyar kwale-kwalen ubanta a bakin kogin Lahn, ta juya mini baya.

"Ki saurare ni mana, hasken idona..."

"Ina ji, ranka ya daɗe."

In ta ce mini haka, na san wuta ta kama.

Al'adarmu ce. Ɗan Graf, mai mulkin yanki, in ya ɗauko 'yar talaka, hannun hagu yake miƙa mata a ƙofar coci. Aure ya ɗauru, amma 'ya'yansu ba sa cin sunan uba, ba sa gadon ko taƙi na ƙasarsa. Ni ɗan Graf ne, kuma da wannan sharaɗi Baba ya yarda in aure ta.

"Ni ban damu da kaina ba," ta ce. "Amma ɗana ya girma yana riƙe wa 'ya'yan ƙaninka doki? Su kira shi bara, alhali jininsu ɗaya?"

Na hau doki, na sauka, na sake hawa. Ban tsaya ba sai gaban Baba, yana yankan naman barewa.

"Ka gudo daga makarantar coci, na yi shiru," ya ce, bai ko ɗago ba. "Yanzu kuma 'yar mai fito! Hagu, ko ka bar mini gida. Ƙaninka Emicho yana nan."

"Baba..."

"Na gama!"

Ranar aure ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Na ɗauka Richlind ba za ta zo ba. Sai ga ta, idanu a kumbure, ta miƙo hannu duk da haka. Wannan ya ƙarasa ni.

"Miƙo hagu, ɗana," in ji Fada, limamin cocin.

Na miƙa dama.

Fada ya yi gyaran murya. "Ɗayan hannun, ɗana."

"Na san hannuna, Fada."

"Mahaukaci!" Richlind ta raɗa mini. "Za ka rasa komai..."

"Kama, masoyiya, kafin in gaji."

Ta kama. Hawayenta suka zubo a kan yatsuna.

Baba ya gyara alkyabbarsa. "Daga yau ɗana ɗaya ne," ya ce, ya wuce ta tsakiyar jama'a.

Inna ba ta bi shi ba. Ta sunkuya ta ɗebi ƙasa, ta karyo reshe, ta damƙa mini gaban shaidu, yadda ake miƙa fili a wurinmu.

"Tudun da ke hayin kogi gadona ne daga ubana. Babu komai a kansa sai duwatsu da hankaki. Je ka, ɗan nan, kafin in yi kuka."

Surukina ya haye da mu a kwale-kwalensa. Muka hau tudun muna haki, iska tana neman tuge mu. Daga can ina hango hasumiyar gidan da aka haife ni.

"Ina ɗakin amarya?" Richlind ta tambaya.

"Sai mun gina..."

Ta naɗe hannun rigar aurenta, ta cicciɓi dutse na farko.

"To tsayuwar me kake yi? Ɗanmu zai so ƙofar da za a kira da sunansa!"