Fanel Mai Ƙwallaye Uku

La'asar ta yi lokacin da Mai-launi ta isa shagon tsofaffin kayan fim. Sunan da 'yan fim suka laƙaba mata ke nan, don aikinta gyaran launin hoto ne bayan an gama ɗauka: ta rage duhu, ta kwantar da haske, ta mayar wa fuska da jininta. Shekara tara tana yi da linzamin kwamfuta, har wuyan hannunta ya soma kumbura. Likita ya ce ta huta. Darakta kuwa ya ce ranar Alhamis yake son fim ɗinsa. Shi ya sa ta fito neman abin da masu sana'ar ke kira fanel, wani faffaɗan akwati mai ƙwallaye da maɓallai da ake juya launi da shi da tafin hannu.

Shagon na warin ƙura da tsohuwar roba. Mai shago ya jera mata guda uku a kan kanta.

"Wannan ƙaramin na masu yawo ne, jaka yake shiga, amma ko ƙwallo ɗaya ba shi da shi. Wancan kuwa, Hajiya, manyan akwatuna uku ne a haɗe. Sai kin kori gadonki daga ɗaki kafin ya samu wurin zama."

Ta yi dariya, har muryarta ta yi mata baƙunta a kunne. Tun rasuwar mahaifiyarta bara, takan yi kwana biyu ba ta buɗe baki ta yi magana da kowa ba.

Na ukun baƙi ne, mai ƙwallaye uku, kowanne da zobe kewaye da shi. Na hagu na inuwa, na tsakiya na tsaka-tsakin haske, na dama na wurare masu ƙyalli. Ta duba wayarta, inda ta ajiye jerin waɗanda manhajarta ke karɓa. Yana ciki. Ta juya ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya sumul. Zoben hagu ne kawai fentinsa ya goge har ƙarfe ya fito, kamar wanda ya sha hannu fiye da sauran.

Kuma yana da ɗumi. Shagon ba shi da taga, balle a ce rana ce ta dake shi.

"Na wane ne?"

"Na wani dattijo. Shekara da shekaru yana aiki shi kaɗai a ɗaki. Danginsa ne suka kawo kayan."

"Rasuwa ya yi?"

"Ban tambaya ba, su ma ba su faɗa ba."

Ya saka shi a kwali da sauri, yana riƙe shi ta gefe.

Ɗakin aikinta na saman bene, a ƙasa kuma shagon wani tsohon tela ne. Ta tarar da shi yana taka keke. Ya leƙo ta saman tabarau.

"'Yata, rediyo aka sayo mana?"

"Rediyon kurame ne, Baba."

Ta hau. Bangon ɗakin ruwan toka ne, tagar kuma baƙin labule ya rufe ta, don hasken waje kan yaudari ido. Ta ɗora fanel ɗin gaban sikirin, ta soka wayarsa a ƙaramar mahaɗar wayoyi da ke kan tebur. Shiru. Sai ta tuna irinsu ba sa son ɗan aike. Ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta soka wayar kai tsaye a bayan kwamfuta. Ta saka 'yar manhajar da ke gabatar da shi ga kwamfutar, ta shiga saiti, ta zaɓi sunansa a jeri, ta rufe komai ta sake buɗewa.

Fitilunsa suka kama, ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama.

Ta jawo hoton farko na fim ɗin. Wata mata ce zaune a kujera kusa da fitila, bayanta kusurwa mai duhu. Mai-launi ta murza ƙwallon tsakiya kaɗan, fuskar matar ta yi rai. Abin da kan ci mata minti goma, ga shi a numfashi ɗaya. Ta waiga don ta nuna wa wani. Kujerar baƙi ce kawai, da tarin takardu a kai.

Can nesa aka kira sallar magariba. Keken Baba ya tsaya. Ta ce a ranta bari ta ƙarasa wannan ɗaya ta tashi.

Sai wani wari ya shigo. Warin rijiyar da aka daɗe da rufewa, da ɗan tsohon turare a ƙarƙashinsa.

Ƙiris.

Ta dubi fanel ɗin. Hannuwanta na kan cinya.

Ƙiris. Ƙiris.

Zoben hagu ne ke juyawa. A sikirin, duhun kusurwar nan ya soma yayewa. Bango ya bayyana. Ƙusa a jikin bangon. Sannan wani dogo a tsaye, ya ba kyamara baya, kansa na taɓa rufi.

"Ma'aikacin haske ne," ta raɗa. "Sun manta shi a hoto."

Ta tsallaka hoto na gaba. Tasha ce da tsakar rana, mutane na kai da kawo. Zoben ya sake juyawa. A inuwar wata babbar mota, ga shi nan. Ya juyo rabi.

Ta danna na uku. Zoben ya juya har ƙarshe, inuwa duk ta yaye.

Babu kowa a ciki.

Kujerar baƙi ta yi ƙara a bayanta. Takardu suka zame ƙasa, ɗaya, biyu.

Ba ta waiga ba. Ta miƙa hannun dama za ta tsayar da zoben, sai wani hannu ya sauka a kan nata. Sanyi ƙalau. Yatsun dogaye, sun wuce nata da gaɓa guda.

"Hannunki na ciwo," aka ce a gefen kunnenta. "Bari in taya ki."

Tun da ciwon ya fara, in ban da likita, babu wanda ya kula da shi. Hawaye suka cika mata ido. Ta nemi ihu, ba ta samu ba. Abin da ta samu shi ne sauƙi, don zogin ya ɗauke ɗif.

Hannun ya ja nata zuwa ƙwallon tsakiya. Hoton matar nan ya dawo. Suka murza tare. Fitilar ta zama zinariya, fatar matar ta yi sheƙi kamar za ta yi numfashi. Tun da take ba ta taɓa fitar da launi irin wannan ba.

"Kin gani? Mu biyu mun fi. Dattijon da ya riga ki ma ya ji daɗin zama da ni, har ya daina amsa kiran kowa."

Nan idonta ya faɗa kan kofin shayinta. Rawaya ne. Yanzu ruwan toka.

Jan mayafinta ya koma toka.

Yatsunta, daga farce zuwa sama, suna komawa toka. Matar sikirin kuwa sai ƙara kyau take.

Ta fizgi hannunta. Ya ƙi.

Ta laluba da na hagu tana neman wayar wutar fanel ɗin ta cire. Sai ta hango ta cikin kwali, a naɗe da robarta. Ba ta taɓa jona ta ba.

Ta harba ƙafa ƙarƙashin tebur, ta fisge wayar da ta haɗa shi da kwamfuta. Fitilun ba su ko ƙifta ba.

"Zauna. Wa ke jiranki a gida?"

Zoben dama ya soma juyawa baya. Ɗakin ya dushe. Ba fitila ce ke mutuwa ba, idonta ne.

Ta ɗauko addu'a, harshe ya yi nauyi kamar dutse.

Taku a matakala. Ƙwanƙwasa.

"'Yata! Zan kulle ƙofar ƙasa in tafi masallaci."

Yatsun suka matse.

Ta tattara ƙarfin da ya rage mata, ta ture kofin da gwiwar hannu. Ya tarwatse a ƙasa.

Ƙofa ta buɗe da sallama, hasken baranda ya faɗo ciki. Baba ya tsaya cak. Ba ita yake kallo ba, saman kanta yake kallo.

"Kada ki waiga," ya ce a hankali. "Miƙo min ɗaya hannun."

Ya kama ta yana karatu da ƙarfi. Ya ja. Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya bi tafin hannunta har bakin farce. Ta faɗo daga kujera. Tsohon ya ja ta waje, ya banko ƙofa.

A ciki, wani ya ja dogon numfashi, irin na wanda aka bari shi kaɗai.

Washegari da hantsi Baba da maigadin layin suka rufa wa fanel ɗin buhu, suka fita da shi. Ba ta tambayi inda suka kai shi ba. Da linzami ta ƙarasa fim ɗin. Darakta ya yi ta santin hoton matar da fitila, ya ce a mayar da sauran duka haka. Ta ce ba za ta iya ba.

Yatsunta uku ba su dawo ba, har yau ruwan toka ne, ba sa jin zafi ko sanyi. Ta sauko da teburinta shagon tela, aka kare mata lungu da yadi. Hasken wurin bai dace da aikin launi ba, ga ƙarar keke, ga masu rigima kan ɗinki. Ta ce ta ji ta gani.

Baba bai taɓa faɗin abin da ya gani ba. Ita ma akwai abin da ba ta faɗa masa ba. Wani lokaci da magariba, in zogin ya taso, takan tsinci hannunta shimfiɗe a kan tebur, a sake, yana jira. Sai ta yi maza ta danne shi ƙarƙashin cinya, ta ɗaga murya.

"Baba, ba ni labari."

"Wane iri?"

"Kowane iri. Kada dai ka yi shiru."